Robobi Biyu Babu Suna

Mako uku bayan an yi wa Alhaji Abdulbaƙi aiki, 'yarsa Haulatu ta mayar da shi asibitin da ke cikin Daura domin likita ya duba ɗinki. Alhaji tsohon dillalin shanu ne daga wani ƙauye a gefen Sandamu. Ya shekara biyu yana fama da riƙewar fitsari yana ɓoyewa, irin ɓoyon nan na tsofaffi da kowa a gida ya sani amma ba mai iya tankawa, sai da ta kai an ɗauko shi ranga-ranga. Likita ya buɗe mararsa ya ciro tsokar nan da ke wuyan mafitsarar maza, wadda idan ta kumbura take toshe hanya. Yanzu ga shi da ƙafarsa, har yana tsokanar masu jinya.

Likita ya duba ya ce ɗinki ya kama. Sannan ya miƙo hannu, idonsa na kan takardun gabansa.

"Sakamakon Katsina fa?"

"Wane sakamako, likita?" in ji Haulatu.

Sai a lokacin ya ɗago. Ya ce naman da aka ciro ai ba zubarwa ake yi ba. An sa shi a roba, an zuba masa ruwan maganin da ke hana shi ruɓewa, an ba dangi da takarda su kai ɗakin gwaji a Katsina. Can za a yayyanka shi siriri a duba a ƙarƙashin madubi, a gane ko kumburin tsufa ne kawai ko akwai ciwon daji a ciki. Idan akwai, magani ake farawa da wuri. Ya ce shi ido kawai gare shi, ido kuwa ba ya rarrabewa.

Haulatu ta juya ta dubi ƙanin mahaifinta, Malam Maharazu, wanda ke tsaye a bakin ƙofa da carbi. Ta tuna ranar aikin. Wata ma'aikaciyar jinya ta fito da abu a baƙar leda tana tambayar ina dangin Abdulbaƙi, ita kuma ta miƙe, sai Baffa ya tare ta ya ce ta je ta nemo ruwan zafi, wannan ba maganar mata ba ce. Shekara goma sha ɗaya Haulatu tana koyar da ilmin halittu a sakandaren 'yan mata, duk shekara sai ta zana mafitsara a allo har da hanyoyinta, amma ranar ruwan zafi ta tafi nema, don ba ta taɓa yi wa Baffa musu ba.

"Baffa, ina robar?"

Malam Maharazu ya gyara zaman hularsa. Ko kaɗan bai sha jinin jikinsa ba, shi dai a saninsa aikin lada ya yi.

"Ai an yi mata sutura," ya ce. "Naman ɗan Adam ne. Ya za a yi in ɗauki wani yanki na jikin Yaya in shiga motar haya da shi, in kai wa mutanen da ban sani ba su yi ta daddatsawa kamar a mahauta? Tun ranar na kai shi maƙabarta."

Likita ya ajiye biro ya riƙe goshinsa. Alhaji Abdulbaƙi kuwa dariya ya yi har yana dafe wurin ɗinkin.

"Ashe an fara binne ni ban sani ba. Maharazu, ko sallah ba ka gayyace ni ba?"

Ita Haulatu ba ta ga abin dariya ba. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta haɗiye maganar da ta zo mata baki saboda idon likita. Likitan ya tambaya ko an zubar da ruwan maganin. Malam ya ce ya so ya zubar, ya wanke naman ya naɗe shi a farin ƙyalle yadda ya kamata, to amma da ya ɗaga murfin sai wani wari ya doke shi, idanunsa suka yi ta zubar da hawaye kamar an watsa masa barkono. Ya mayar da murfi ya ɗaure tam, ya binne da robar gaba ɗaya, yana neman gafarar Allah a kan gazawarsa.

"To gazawar nan taka ita ta cece mu," in ji likita. "Muddin murfin bai buɗe ba, naman yana nan lafiya. A tono shi."

A gindin bishiyar darbejiya da ke harabar asibitin aka kafa gardama. Malam ya ce shi bai taɓa jin inda aka tone abin da aka suturta ba. Haulatu ta durƙusa, ta kwantar da murya, ta yi bayani tun daga farko. Ya ce rai da ajali na Allah ne. Ta ce haka ne, Baffa, shi ya sa ma aka zo asibiti tun farko maimakon a zauna a gida. Ya ce yaran yanzu ba a faɗa su yi shiru. Ta ce shekararta talatin da takwas. Suna cikin haka Alhaji, wanda ya gaji da tsayuwa, ya ce daga cikin mota, "Maharazu, nama dai nawa ne ko? A tono." Magana ta ƙare, don Malam duk iliminsa bai taɓa tsallake maganar yayansa ba.

Sai da aka kama hanyar Sandamu sannan Malam ya ce, kamar wanda ya tuna da sautu, "Sai dai a sanar da mutanen Dutsi, tunda tare suke."

"Su wa ke tare, Baffa?"

"Da na Malam Ikrima."

Malam Ikrima manomi ne daga wajen Dutsi, gadonsa na kusa da na Alhaji a ɗakin jinya, kuma rana ɗaya aka yi musu aiki iri ɗaya. Kwana tara suka yi suna shan kunu a kwano ɗaya, suna gardama a kan wa ya fi ɓarna tsakanin makiyayi da manomi, kowanne da robar fitsarinsa a rataye a gefen gado. Tun da aka sallame su ba ranar da ba su gaisa ta waya. Ashe ranar aikin Malam Maharazu ya ga Ya'u, babban ɗan Ikrima, zaune da tasa ledar ya rasa yadda zai yi, sai ya ce masa ya kawo ya haɗa da tasu. Ya'u ya ɗauka Katsina za a kai. Ya yi godiya har da durƙusawa, ya koma gona, yana ta jiran a kira shi a ce sakamako ya fito.

Haulatu ce ta kira Ya'u. Da ta gama bayani ya ce, "To, Allah ya kyauta. Gobe da safe ina tafe da fartanya."

Washegari da hantsi aka je. Mace ba ta shiga maƙabarta, don haka Haulatu ta tsaya a bakin hanya kusa da gonar gero, tana hango kawunansu ta saman katanga. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, ciyawa ta rufe ko'ina. Malam ya ce a gindin aduwa ya binne, jikin katanga, nesa da layin kaburbura. Aduwa kuwa uku ce a wurin. Suka tona gindin ta farko ba komai. Suka tona ta biyu suka ci karo da saiwa. Haulatu tana tsaye rana na dukanta, tana jin kamar ta haura katangar ta karɓi fartanyar. A ta uku ne ta ji Ya'u ya ce, "Ga su."

Ya fito da su a cikin buhu ya ajiye a gabanta. Robobi biyu ne masu jan murfi, irin waɗanda ake sayarwa a ƙofar asibitin, girmansu ɗaya. Ta goge lakar da gefen mayafinta. Murfi a ɗaure, ruwa bai zube ba, a cikin kowacce ga curin nama ya yi fari-fari kamar dafaffen rogo. Ta yi hamdala a fili. Sai ta juya robar farko tana neman suna. Ta juya ta biyu. Ta duba murfi, ta duba gindi. Babu komai sai ɗan danƙo-danƙon inda aka taɓa manna filasta.

"Baffa, ba a rubuta suna a jiki ba?"

"An rubuta mana. Na ɓamɓare."

"Ka ɓamɓare?"

"Haulatu, ke fa malama ce. Sunan ubanki Abdulbaƙi. Shi kuma wancan an rubuta Ikrima Abdullahi. Sunan Allah ne a jiki. In manna sunan Allah a kan abin da ya fito daga mafitsara in tura cikin ƙasa? Ko da boko aka rubuta, sunan Allah sunan Allah ne. Na cire na haɗa da takardun na ƙona, na zuba tokar a rijiya."

Haulatu ta ɗago ta dube shi. Da mugunta ya yi da ta san abin da za ta faɗa masa. To amma mutumin nan yana tsaye da laka har gwiwa, fuskarsa fes, yana jiran a yaba masa tsoron Allah. Takaici ya cika ta.

"To wacce ce ta Baba?"

Malam ya sunkuya ya ƙura musu ido. Ya ce ta Yaya ce ya sa a dama. Ya'u ya tambaya daman wa, na mai binnewa ko na mai fuskantar gabas? Malam ya ce bari ya tuna. Ya'u ya ce ai ko ya tuna ba amfani, shi da ya ciro su bai lura ba, buhu kawai ya zuba su. Malam ya ɗaga ɗaya ya jijjiga, ya ce wannan ta fi nauyi, Yaya kuwa ya fi jiki, don haka ita ce. Haulatu ta karɓe robar daga hannunsa, abin da ba ta taɓa yi wa babba ba tun da aka haife ta.

Daga nan Daura suka wuce ita da Ya'u. Likita ya dubi robobin ya dubi Haulatu, ya yi tsaki a hankali. Ta tambaya ko ba a auna nauyin naman ba kafin a zuba. Ya ce sikelin ɗakin tiyata ya lalace tun kafin azumi. Ya buɗe takardun mutum biyun, duk abu ɗaya ya rubuta, cewa tsokar ta kai girman lemon zaƙi. Gwajin jinin da aka yi musu kafin aiki ma kusan ɗaya ne, duka ya hau. Ya ce shi a ranar mutum huɗu ya yi wa aiki, ba zai yi mata ƙarya ya ce ya gane fuskar nama ba. Ya rubuta wasiƙa ya ba ta, ya ce ta gwada sa'arta a Katsina.

A ɗakin gwajin, mutumin da ke karɓar kaya ta taga ko wasiƙar bai gama karantawa ba ya turo robobin waje. Ya ce doka ce, nama marar suna ba ya shiga. Haulatu ta ce ta sani, amma ya saurare ta. Ya ce na baya ya matso. Ta koma kan benci ta zauna da buhu a tsakanin ƙafafunta tun kafin azahar har bayan la'asar, duk wanda ya fito da farar riga sai ta miƙe ta gaishe shi. A ƙarshe wata mata mai tabarau ta tsaya ta ce, "Baiwar Allah, tun ɗazu nake ganinki. Me ke cikin buhun nan?" Ita ce Dakta Amatullahi, likitar da ke duba naman a madubi.

Ta saurari labarin a ofishinta daga farko har ƙarshe. Da aka zo wurin filasta ta cire tabarau ta murza ido.

"Na sha ganin wanda aka binne," ta ce. "Na ga wanda aka zubar da ruwan aka kawo mini a busasshe kamar kilishi. Wannan ne dai ban taɓa gani ba." Ta yi ɗan tunani. "Mai taga yana da gaskiya, ba zan iya rubuta sunan kowa a sakamako ba. Amma zan karɓa in sa wa wannan lamba ɗaya, wannan lamba biyu. Yawancin irin wannan naman kumburin tsufa ne kawai. Idan duka biyun suka fito lafiya, kin ga suna bai dame mu ba, kowa ya tafi gida ya yi barci."

"Idan kuma ba haka ba fa?"

"Mu dai fara dubawa."

Kwana goma sha shida aka yi ana jira. Haulatu tana aji tana koyarwa, waya na aljihun jakarta a buɗe, abin da take hana ɗalibai. Ya'u yakan kira duk bayan kwana biyu, ya gaishe ta, ya tambayi jikin Alhaji, ita kuma ta ce ba labari. Malam Maharazu ya aiko mata da rubutun sha a galan a kai wa yayansa, ta kai, ba ta ce a gaishe shi ba. Ranar da wayar ta zo, Dakta ba ta faɗi komai ba sai cewa ta zo da kanta.

Takarda biyu ce a kan teburin. Dakta Amatullahi ta ɗora yatsa a kan ta farko ta ce wannan kumburin tsufa ne, ba komai a ciki, ta yanka ta sake yankawa ba ta ga abin tsoro ba. Ta ɗora a kan ta biyu ta ce wannan akwai ciwon daji, kuma ba irin mai barcin nan ba ne da tsoho kan mutu da shi bai san yana da shi ba. Irin wanda ba ya son jinkiri ne.

Haulatu ta dubi takardun. Lamba ɗaya, lamba biyu. Ta ji wani irin haushi da ba ta san kan wa za ta sauke shi ba.

"Dakta, yanzu duk karatun nan da injunan nan, a ce ba za a iya gane naman mutum ba?"

Dakta ta ce akwai gwajin da ake haɗa jinin mutum da nama a gane mai shi, amma su ba sa yi, kuma ba ta san inda za ta tura ta da tabbacin za a yi ba. Za ta tambaya. Haulatu ta ce to a ba su maganin su duka biyun. Dakta ta girgiza kai ta ce maganin nan ba na zazzaɓi ba ne, yana karya namiji, ba likitan da zai ɗora shi a kan mutumin da wataƙila lafiyarsa ƙalau. Abin da ya rage shi ne a riƙa ɗibar jininsu su biyun lokaci-lokaci, a yi hoto, in ta kama a shiga da allura a ɗebo daga abin da ya saura a jiki, ko da yake allura takan kuskure. Wanda ciwon ke jikinsa zai nuna kansa.

"Zuwa yaushe?"

"Wata uku, wata shida. Ban sani ba."

"Kin ce ba ya son jinkiri."

"Na faɗa," in ji Dakta, ba ta kawar da ido ba.

A motar komawa Haulatu ta samu gefen taga, takardun na cikin jaka a kan cinyarta. Ta fara addu'a a zuci kamar yadda ta saba, Allah ka sa ta Baba ce mai kyau. Ta maimaita ya fi a ƙirga. Sai wajen Mashi ta ankara da abin da take roƙo. Ta tuna Malam Ikrima yana miƙo mata kwanon kunu yana cewa 'yata ɗanɗana ki raba mu gardama, da ƙananan 'ya'yansa mata uku da aka kawo su gaishe shi, sun jeru a bakin gado da takalma a hannu. Kunya ta kama ta, ta yi istigfari. Motar ba ta yi nisa ba ta sake tsintar bakinta yana roƙon abu ɗaya. Wayarta ta yi ƙara, ta ga sunan Ya'u, ta kife ta.

Ta isa ƙauye ana shirin la'asar. Alhaji na zaure a kan buzu, ya ja buta gabansa ya naɗe hannun riga. Malam Maharazu na gefe. Ta durƙusa ta gaishe su, ta ciro takardun ta shimfiɗa a kan tabarma, ta faɗi abin da aka faɗa mata ba ragi ba ƙari. Kunyar da ke tsakanin 'ya da uba a kan irin wannan magana ranar ba ta bi ta kanta ba.

Malam ne ya fara magana. Ya ce abin ai mai sauƙi ne, zai yi istihara kwana uku.

"Baffa," in ji Haulatu, "don girman Allah ka bar mu haka."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya dubi yayansa, ya fasa. A karo na farko ta ga ya sunkuyar da kai, carbin ya tsaya a hannunsa.

Alhaji ya ɗauki takarda ɗaya ya juya ta, ya ɗauki ɗayar, shi da ba ya karanta boko. Ya mayar da su inda suke, ya daidaita gefensu da yatsa.

"Ikrima ya sani?"

"A'a, Baba. Ya'u ya kira sau huɗu ban ɗauka ba."

"Kada a faɗa masa ta waya. Gobe ki kai ni Dutsi."

Ta ce to. Sannan abin da ke cinta tun daga hanya ya fito da kansa, ta ce tun daga Katsina take roƙon Allah ya sa mai ciwon ba tasa ba ce, ta san abin da hakan ke nufi, ta kuma kasa dainawa. Ta yi zaton zai yi mata faɗa, ko ya mayar da abin wasa yadda ya saba. Bai yi ko ɗaya ba. Ladan ya kira salla a masallacin ƙofar gida, Malam ya tashi ya fita sumsum, Alhaji bai motsa ba.

"Ni ma tun da kika fara magana abin da zuciyata ke faɗa ke nan," ya ce a hankali. "Shekara saba'in ina roƙa wa kaina lafiya bayan kowace salla, ban taɓa tunanin a kan wani za ta faɗa ba. Yanzu in na idar na ɗaga hannu, Haulatu, me zan ce?"

Ya karkata butar, ruwa ya zubo a tafinsa, ya zauna yana kallonsa yana tsiyayewa ta tsakanin yatsu har aka ta da iƙama.